MINISTAN NEMAN JARI: MU BUƊE LITTAFINSA

Wannan ita ce laccar da Akawun Jam'iyya ya yi wa 'yan kasuwa da sauran membobi a ofishin reshe. Mun buga ta duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.



Na gode muku da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka zo. Na san ɗan kasuwa in ya bar bakin rumfa ya bar ciniki, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Ga abin da ya tara mu. Kusan duk sa'ad da aka kafa sabuwar Gwamnati sai a ɗauko mana wani mutum daga bankin Turai ko na Amurka, a ce ga gwanin kuɗi ya zo, zai jawo masu jari, masaƙu za su tashi, samari za su sami aiki. Mu kuwa sai mu tafa. Shekara huɗu ta wuce, mutumin ya sauka, ba wanda ya buɗe littafi ya ga abin da aka shigo da shi da abin da aka fita da shi. To, ni akawu ne, buɗe littafi shi ne aikina. Yau za mu buɗe littafin ɗaya daga cikinsu wanda ya sauka tuntuni, lissafinsa ya rufe, watau Mista Olusegun Aganga. Ban zo in zage shi ba, ban kuwa zo in ce ya ci kuɗin kowa ba. Awo na zo mu yi, kamar yadda ku ke auna hatsi da mudu.

WANE NE SHI?

An haife shi cikin 1955. Ya yi karatu a Jami'ar Badun, ya gama cikin 1977, sa'an nan ya koyi aikin lissafi har ya zama odita, watau irin akawun da a ke kira ya binciki littattafan manyan kamfanoni. Ya yi aiki a Landan a kamfanin Ernst & Young, daga nan ya koma bankin Goldman Sachs, inda ya kai matsayin manajan darakta.

Ku lura fa, wannan ba irin bankin da za ka kai cinikin yini ka ajiye ba ne. Dillalin manya ne. In wata Gwamnati tana son rance, ko wani kamfani yana son ya sayar da hannun jari, ko wani attajiri yana neman inda kuɗinsa za su haihu, irin wannan banki ke haɗa su, ya karɓi la'adarsa. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san dillali. Ya san farashi, ya san mai kuɗi, ya iya magana. Amma da zarar an ce albarka an sallama, aikinsa ya ƙare. Ko sa ya yi noma, ko ya mutu a hanya, wannan tsakanin mai saye ne da rabonsa. Ku riƙe wannan magana, gama za mu komo kanta.

Ran 6 ga Afril 2010, sa'ad da Shugaba Umaru 'Yar'adua ke kwance ba lafiya, Goodluck Jonathan yana riƙon ƙasa, aka ba Mista Aganga Ministan Kuɗi. Cikin Yuli 2011 aka mai da shi Ministan Ciniki da Jari, daga baya aka ƙara wa ma'aikatar sunan Masana'antu. Ya zauna nan har Mayu 2015. Shekara biyar ke nan. Mu bi su ɗaya ɗaya.

ASUSU DA RANCE

Abu na farko da ya yi, na yaba. Tun 2004 akwai wata ajiya da a ke zuba rarar kuɗin mai. Cikin 2008 ta kai kimanin dala biliyan 20, biliyan kuwa shi ne miliyan dubu. Da ya ke ba wata doka mai ƙarfi da ta tsare ta, Gwamnatin Tarayya da gwamnoni suka yi ta ɗiba suna rabawa, kafin 2010 ta ƙare saura ɗan kaɗan. Shi ya tsaya aka yi dokar asusun ajiya na ƙasa cikin Mayu 2011, aka fara shi da dala biliyan 1, aka kasa shi uku: na ranar wahala, na 'ya'ya da jikoki, da na manyan ayyuka. Gwamnoni suka ƙi, har suka je Kotun Ƙoli. Asusun nan ya rayu. Da shi aka tayar da injunan haɗa takin zamani daga 2017, da shi aka gina wurin gwaje-gwaje a Asibitin Malam Aminu Kano, da tashar wutar hasken rana a Kumbotso. Wanda ya yi wa gida rumbu ya yi abin kirki, ko da magada ba su cika shi ba.

Abu na biyu, rance. Kun tuna cikin 2005 ƙasashen da ke bin Nijeriya bashi suka yafe dala biliyan 18, muka biya kimanin biliyan 12, aka ce mun huta. Cikin Janairu 2011 Mista Aganga ya kai Nijeriya kasuwar kuɗi ta duniya, karo na farko, ya ciwo dala miliyan 500 na shekara goma, ruwa dala 6.75 a kowace 100. Dalilin da aka bayar shi ne, a san farashin bashin Nijeriya a duniya, don kamfanoninmu su ma su iya cin nasu.

Ku ɗauki alli mu buga. Ruwan shekara ɗaya dala miliyan 33.75. Na shekara goma miliyan 337.5. Uwa da ruwa miliyan 837.5. Ba a nan ma ta tsaya ba. Ran da aka ci bashin dala tana wajen naira 150, watau uwar kuɗin naira biliyan 75. Ran da aka biya, cikin Janairu 2021, dala a farashin Gwamnati tana wajen naira 380, watau naira biliyan 190. Ka ci bashi da mudu ƙarami, ka biya da babba. Ƙofar da aka buɗe kuwa ba a sake rufe ta ba. Waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta komawa, har cikin 2022 irin wannan bashi kaɗai ya wuce dala biliyan 15. Ba shi ya ci wannan duka ba, amma shi ya nuna hanya. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, sai dai wannan hanjin a cikin talaka ya ke murɗawa, gama da harajinsa a ke biya.

Abu na uku, cikin Nuwamba 2010 aka ɗage hanin shigo da waɗansu kaya, aka ce a biya fito kawai. Cikinsu har da waɗansu irin yadi, da kujeru da gadaje, har da tsinken sakace. Hujjarsu ita ce hanin bai hana komai ba, sai dai ya ƙosar da 'yan fasa-ƙwauri. Wannan hujja ba ƙarya ba ce, kowa a nan ya san ta inda atamfa ke shigowa. Amma a lokacin nan ne kuma Gwamnati ta ware naira biliyan 100 don ta tayar da masaƙu. Hannun dama yana ba maras lafiya magani, hannun hagu ya buɗe masa taga cikin hunturu.

BAƘO IRI BIYU

Yanzu mu zo kan jari. Mai jarin waje iri biyu ne. Akwai wanda zai zo ya sayi fili, ya kafa inji, ya ɗauki ma'aikata. Wannan ko ya so gudu ba ya iya saɓa ma'aikata a kafaɗa. Akwai kuma wanda zai aiko da kuɗi ta waya, ya sayi takardun bashin Gwamnati, ya ci ruwa mai tsoka, ran da ya ji ƙishin-ƙishin ya janye kuɗinsa kafin azahar. Na biyun nan shi ne baƙon da aka ce raɓa ne.

Na farkon fa, nawa ya zo? Bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin 2011 Nijeriya ta sami kimanin dala biliyan 8.9, ta fi kowace ƙasa a Afirka. An buga ganga a kan wannan ƙwarai. To, ga sauran shafin da ba a karanta muku ba. Cikin 2012 kimanin biliyan 7. Cikin 2013 biliyan 5.6. Cikin 2014 biliyan 4.7. Cikin 2015 biliyan 3 da 'yan kai. Watau shekarar da ya shiga ofishin neman jari ita ce mafi yawa, kowace shekara bayanta ƙasa ta ke yi. Rabo mai yawa na kuɗin nan kuma rijiyoyin mai ya nufa, inda inji ke aikin mutum ɗari. Lissafin Ofishin Ƙididdiga na ƙasa kuwa shekara da shekaru yana nuna Ikko da Abuja ke kwashe kusan duk kuɗin da ke shigowa, jihohi da yawa ba su ganin ko dala ɗaya.

Na biyun ya zo da yawa, musamman daga Oktoba 2012, sa'ad da bankin JP Morgan ya sa takardun bashin Nijeriya cikin jerin da masu kuɗin duniya ke bi. Da farashin mai ya faɗo, daga sama da dala 100 ganga a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 50 cikin Janairu 2015, sai raɓa ta ga rana. Cikin 2015 bankin ya cire mu daga jerin, cikin 2016 tattalin arzikin ƙasa ya ja baya, naira ta karye. Waɗanda ke saro kaya a cikinku ba sai na gaya muku ba.

Cikin Afril 2014 aka sake lissafin arzikin ƙasa, aka ce ya kai dala biliyan 510, mun wuce Afirka ta Kudu, mun zama na ɗaya. Ba ƙarya aka yi ba, tsohon ma'auni na 1990 aka canja. Amma wa ya kwana da yunwa ran nan ya tashi da ƙoshi? Ƙirga tumakin gari ba ya ƙara wa makiyayi ko ɗan rago. Cikin 2024 ma, da naira ta sake faɗuwa, mun koma na huɗu.

Wata guda bayan wannan, cikin Mayu 2014, aka yi babban taron attajiran duniya a Abuja. Aka rufe makarantu da ofisoshin Gwamnati na birnin kwana uku don baƙi su wuce lafiya. Makonni uku kafin nan bom ya tashi a tashar Nyanya, a daren ranar kuma aka kwashe 'yan mata fiye da 200 a Chibok. Mai kuɗi ba wawa ba ne. Ya ci abinci, ya tafa, ya hau jirginsa, amma ya ga abin da ya gani.

MOTA, SUKARI DA YADI

Kada mu rage masa mudu. Mista Aganga ya gane ciniki kaɗai ba ya gina ƙasa, sai an yi sana'a. Cikin Fabrairu 2014 aka ƙaddamar da babban shirinsa na masana'antu. Dabararsa ita ce wadda aka yi wa siminti tun 2002: a tsananta fito a kan kayan waje, a sauƙaƙa wa wanda ya yarda ya kafa inji a gida.

Cikin Oktoba 2013 aka yi wa mota haka. Sabuwar mota ƙarama in ta shigo a haɗe, fito 35 cikin 100, da ƙarin haraji 35, watau 70. Cikin Afril 2014 aka harhaɗa Nissan ta farko a Ikko, kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ke nan tun 1975, shi ma ya ɗan motsa. Amma yawancin wuraren nan ɗaura taya da kujera su ke yi, kayan duka daga waje. Talaka kuwa ba sabuwar mota ya ke saye ba. Jiragen ruwa suka karkata Kwatano, mota ta biyo daji. Shirin bai zama doka ba, Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu cikin 2019, dokar kuɗi ta 2020 kuma ta mai da ƙarin harajin 5 cikin 100. Wanda ya kafa inji don ya amince da maganar Gwamnati, ya ga ta kansa.

Sukari ma an yi masa shiri na shekara goma, daga 2013, aka ce za mu noma raken da zai ishe mu, tan miliyan 1.7 na sukari a shekara. An sami ɗan abin nunawa, kamar gonar Sunti ta Jihar Neja da aka buɗe cikin 2018, da ta Numan. Amma wa'adin ya cika, fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da mu ke sha daga waje ya ke zuwa, yawanci ɗanye daga Barazil, a tace shi a bakin teku. Sai aka ƙara wa shirin wata shekara goma. Mai shayi da mai alewa su suka biya tsadar kariyar, kamfanoni ƙalilan suka ci moriyarta.

Yadi fa, wanda ya fi shafarmu? Masaƙar Kaduna ta fara aiki cikin 1957, Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila, David Whitehead, suka haɗa jari. Ita ma da jarin waje aka yi ta, amma audugar Funtuwa da Gusau ta ke ci, 'ya'yanmu ke saƙawa. Ta rufe cikin 2002, kafin zuwan Mista Aganga, saboda haka ba shi ya kashe ta ba. Tambaya ita ce, ya tashe ta? Shirinsa na auduga da yadi bai fito ba sai farkon 2015, saura 'yan watanni ya sauka. Ku je Kakuri, ku je Bompai da Sharaɗa da Challawa, ku ƙirga ƙofofin da ke rufe. Ku shiga Kantin Kwari ku duba bakin atamfa ku ga inda aka buga ta. Gani ya kori ji.

Wuri guda kuma dole in sara masa. Cikin 2014, sa'ad da Tarayyar Turai ta matsa wa ƙasashen Afirka ta Yamma su sa hannu a yarjejeniyar da za ta buɗe kasuwanninmu ga kayansu, yana cikin waɗanda suka fito fili suka ce wannan zai kashe 'yan masana'antun da suka rage. Nijeriya ba ta sa hannu ba. Mutumin da ya shugabanci babban taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Janiba cikin Disamba 2011, ya san mutanen nan ciki da waje, ya kuwa ce musu a'a. Wannan mazantaka ce.

ME YA HANA?

To, mutum mai ilimi, mai ƙwazo, me ya sa amfanin bai iso rumfarku ba? Dalili uku na gani, ba kuwa ko ɗaya da ke cikin ofishinsa.

Na ɗaya, wuta. A zamaninsa ƙasa duka tana raba wajen megawat 4,000. An sayar da kamfanonin wuta cikin Nuwamba 2013, ba ta canja zane ba. Mai masaƙar da ke ƙona man dizal ba ya iya karawa da wanda wutarsa ba ta ɗaukewa.

Na biyu, ruwan banki. Babban Banki ya tsai da nasa a 12 cikin 100 daga Oktoba 2011 har kusan ƙarshen 2014, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa in ya samu ma, sama da 20 za a ce masa. Don me banki zai ba maƙeri rance, alhali in ya ba Gwamnati zai ci ruwa mai kyau yana kwance? Ruwan nan mai yawa da ya jawo baƙon raɓa, shi ne ya shaƙe ɗan gida.

Na uku, tsaro. Mutanen Kano ba su manta da 20 ga Janairu 2012 ba. Ba mai kafa inji inda ba ya barci da ido biyu rufe.

Kun ga inda maganar dillali ta komo. An ɗauko gwanin tallar gida, alhali gidan yana yoyo. Laifin dillali kaɗan ne. Babban laifi na maigida ne da ya ga kiran dillali ya fi sauƙi bisa ga gyaran jinka.

MASU JARIN DA BA A GAYYATA BA

Ga wani lissafi da ya fito daga ƙarƙashin ma'aikatarsa da kanta. Binciken 2013 ya nuna akwai ƙananan sana'o'i kimanin miliyan 37 a ƙasar nan, suna ɗauke da mutum kusan miliyan 60. Su wane ne waɗannan? Ku ne. Mai koko, mai ɗinki, baduku, marini, mai niƙa, mai tireda. Ba wani kamfanin waje da ya taɓa ɗaukar ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan. Amma a zamaninsa babban kamfani in ya zo, doka ta yarda a ba shi hutun haraji shekara uku, har a ƙara ta kai biyar. Ke mai ƙosai, wa ya taɓa ba ki hutun kuɗin rasit na yini ɗaya? Kuɗinku ba ya gudu in mai ya faɗi, ba ku da wata ƙasa da za ku kai shi. Ku ne masu jarin gaskiya, ba a kuwa taɓa rufe gari kwana uku don a saurare ku ba.

ABIN DA NA KE ROƘO

Gobe za a sake kawo mana wani gwanin kuɗi, ko daga wace jam'iyya, har da tamu. Kada ku ƙi shi don ya fito daga banki, ilimi ba laifi ba ne. Kada kuma ku tafa don ya iya Turanci. Ku yi masa tambaya biyar.

Kuɗin da ka ce za su zo, na kafa inji ne ko na cin ruwa? Mutum nawa za a ɗauka, a wane gari? Kayan aikin, daga gonarmu za a saya ko daga jirgin ruwa? Me aka yafe wa kamfanin, wa zai cike gurbin? In rance ne, da wane kuɗi za a biya, a wace shekara?

Sa'an nan kowace ƙungiyar kasuwa ta sayi littafi guda, na 'yan kuɗi kaɗan. Duk alkawarin da Minista ko ɗan takara ya yi, a rubuta ranar da adadin. In shekara ta kewayo a buɗe a karanta a bainar jama'a. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ofis, ni zan rubuta masa, ba ko kwabo. Ba ku ba da bashi ba rubutu, don me za ku ba da ƙuri'a ba rubutu? Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma sai ya buɗe baki tukuna a ji.

Shugaba, na ga lokaci ya ƙure. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, ga takarduna nan a tebur, kowa ya zo ya duba lissafin da idonsa.